Mangwaron Tsakar Gida da Awakin Hukumar Ruwa

A lambun renon itatuwa na hukumar birni, can bayan garejin motocin kwasar shara, akwai wani dattijo da ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Masu zuwa sayen dashe suna ce masa Mai Dashe. Direbobin gareji kuwa Liman suke ce masa, saboda aikinsa ɗaura aure ne. Zai yanko reshe daga bishiya mai kyawun 'ya'ya, ya tsaga kan wani ɗan gindi da aka tsirar daga ƙwallo, ya soka reshen a ciki, ya naɗe da leda. In Allah ya sa jininsu ya haɗu sai su zama bishiya guda, gindin yana jawo ruwa, reshen yana haihuwa.

"Liman, yau aure nawa aka ɗaura?" haka wani direba kan leƙo ta katanga ya tambaya.

"Ko nawa ne, nawa dai ba sa zuwa gaban alƙali," in ji shi, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Naka na ukun yana nan, ko shi ma ya bushe?"

Gajere ne, bayansa ya ɗan ranƙwafa, babban yatsansa na hagu duk tabon wuƙa. Yana saurayi ya shigo lambun a matsayin lebura mai cika leda da ƙasa. Wurin wani tsohon shugaban lebura ya koyi auren itace, mutumin da ba ya bayani da baki, sai dai ka kalla, in ka ɓata ka sha ranƙwashi. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, matar ta riga shi tafiya, 'ya'yan kuma neman abinci ya watsa su garuruwa. Ya rage daga shi sai yayarsa, wadda ta dawo gidan mahaifinsu bayan rasuwar mijinta. Har yau, da furfurarsa da komai, Auta take kiransa.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai game da shi shi ne, ya fi shekara talatin yana aurar da itatuwan mutane, amma bai taɓa sa wuƙa a jikin mangwaron gidansu ba. Bishiya ce da ba wanda ya san wanda ya shuka ta. Mahaifinsu ma ya ce haka ya tashi ya gan ta. 'Ya'yanta ba su da girma, ba su da kyan gani, ko sun nuna kore suke zama. Amma in ka yanka ɗaya, babu zaren da zai maƙale maka a haƙori, ƙwallon siriri kamar harshen cokali, ƙanshin kuma sai ya cika ɗaki. Maƙwabta sun sha ɗaukar ƙwallon su shuka, su yi shekaru suna jira, ƙarshe su tsinki mai tsami da zare. Ƙwallonta ba ya gadonta. Ta hanyar reshe kaɗai za a iya samun irinta. A gidan, Ta Tsakar Gida suke ce mata.

Yaya ta sha yi masa magana. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: mai kwana a bakin kogi ba ya cika tulu don gobe.

Sai ga shi wata safiya an tashi da jan fenti a bangon gidan. Za a faɗaɗa titi, kuma titin ta tsakar gidansu zai bi. Mai Dashe ya tsaya gaban fentin nan da butar alwala a hannu, ya kasa tuna abin da ya fito yi. A 'yan kwanakin da aka ba su, bai ɗauki ko tabarma ba, Yaya ce ta yi ta fama da kaya. Shi yana kan bishiya yana yankar rassa, yana naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, yana gudu da su lambu. Duk wani gindi da ke lambun sai da ya ɗaura masa reshen Ta Tsakar Gida, har yatsan ya fashe. Ranar da aka kawo injin yanka bai je ba. Yaya ce ta tsaya. Ta ce da bishiyar ta faɗi, har a haƙoranta ta ji.

Suka koma ɗaki biyu a saman wani gidan haya, inda babu ƙasa ko ta cika tafin hannu. Dashe biyu da ya ajiye a bokiti a baranda, zafin siminti ya ƙone su tun a watan farko. Na lambu kuwa sun kama, fiye da ɗari. Sai dai lambun ba nasa ba ne. Duk ranar da wani babba zai yi dashen itace a gaban masu ɗaukar hoto, ofis kan aiko da mota, a zaɓi waɗanda suka fi kore a tafi da su. Babban zai zuba ruwa sau ɗaya da takalminsa mai ƙyalli, a tafa, a watse, shi ke nan an yi sallama da dashen. Zuwan mota biyu ya ci masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran ya kwashe ya ɓoye bayan tulin taki, inda wari ba ya barin 'yan ofis su ƙarasa.

A wannan hali ne aka kawo masa 'Yar Jami'a. Jami'ar garin tana da wani shiri na tura ɗaliban digiri na biyu ma'aikatu da ƙungiyoyin unguwa, su yi wasu watanni suna aikin da zai kare muhalli, su ma su san makamar aiki. Ita lambun aka turo ta. Ta zo da sabon takalmin roba da malafa, ta durƙusa ta gaishe shi, abin da ya sa ya ɗan sassauta fuska. Da suna hira ta ambaci ranar biya, sai ya ajiye wuƙa.

"Tsaya, 'yata. Biyanki ake yi?"

"Ana ba mu alawus, Baba."

"Ki zo koyo, kuma a biya ki?"

"Ai ba koyo kaɗai ba ne, aiki muke yi."

"Ikon Allah! Ni da na zo koyo, da ranƙwashi aka biya ni. Kuma ba a taɓa yi mini jinkirin biya ba."

Ya zaci mako guda za ta yi ta koma ofis mai fanka. Ba ta koma ba. Ta yanke yatsa, ta ɗaure da leda, ta ci gaba. Ita ce ma ta gano abin da ya daɗe yana sa ganyen layin bango yin rawaya: ruwan wankin motoci ne ke malalowa ta ƙarƙashin katanga da sabulu da baƙin mai. Ta sa aka haƙa masa hanya ya bi wani wuri. Ranar da ya ga sabon ganye ya fito kore shar a layin, ya ce ta biyo shi. Ya zagaya da ita bayan tulin taki, ya nuna mata abin da ya ɓoye, ya ba ta labarin tun daga jan fenti.

Ta daɗe tsugune tana duba su. Saiwoyin sun fara fasa leda.

"Baba, waɗannan ba za su kai wata damina a leda ba."

"Na sani."

"Kuma in sun kai, mota za ta zo."

"Wannan ma na sani. Faɗa mini wanda ban sani ba."

Bayan 'yan kwanaki ta kawo masa wanda bai sani ba. Hukumar ruwa tana da fili a gefen madatsar ruwan gari, an kewaye shi da waya mai tsayi, da ƙofar ƙarfe, da maigadi. Ba mai shiga sai da izini. Ga ruwa kusa, ga ƙasa mai kyau. Ta yi ta hawa da sauka a benen hukumar har sashen filaye ya yarda, bisa sharaɗin in itatuwan sun girma ƙungiyar unguwar da ke maƙwabtaka ce za ta riƙa kula da su tana cin amfanin. Mai Dashe ya je ya zagaya wayar da ƙafa, ya jijjiga kowane turke, ya tsugunna ya duba ko akwai ramin da ɗan akuya zai iya kutsawa. Babu. Ya ce a duk birnin nan bai ga wurin da ya kai wannan tsaro ba. Farkon damina suka kwashe dashen kaf, ba su bar ko ɗaya a lambu ba, suka dasa.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar, ciyawa ta tashi har ta wuce ƙugu. 'Yar Jami'a ta so a kawo masu yanka, shi ya hana. Ya ce a share gindin kowanne kawai, a bar doguwar ciyawar, tana kare su daga iska, tana kuma rufe idon ɓarawon dashe. Haka aka yi. In ka tsaya a bakin ƙofa, ba abin da za ka gani sai ciyawa tana kaɗawa.

Safiyar da aka koma aiki bayan wani dogon hutu, su biyun suka sauka daga bas suka kama hanyar madatsa a ƙasa. Tun ba su hango waya ba ta ɗan tsaya.

"Baba, kamar kukan awaki nake ji."

"Su yi ta yi. Suna waje, muna ciki."

Ƙofar tana nan a kulle, kwaɗon yana sheƙi, wayar ba ta tsinke ko'ina ba. Abin da ke cikin wayar ne idonsa ya ƙi karɓa. Babu ciyawa. Filin ya zama kamar kan da wanzami ya gama da shi. Awaki ne ko'ina, farare da jajaye da masu roɗi-roɗi, wasu a tsaye, wasu a kwance suna tuƙa, cikinsu ya yi tim. A tsakaninsu kuma, layi-layi, ga 'yan tsinkaye a tsaye, ba ganye, ba reshe, kamar an kafa asawaki a ƙasa.

Jakar 'Yar Jami'a ta zame daga kafaɗarta.  Mai Dashe ya kama wayar da hannu biyu. Abin da ya fara zo masa a rai shi ne sun ɓata hanya, wannan wani filin ne. Sai ya hango tsohuwar rigarsa da ya rataya a turke don korar tsuntsaye. Wani bunsuru yana cin hannunta.

Maigadi ya zo ya buɗe, wani sabo ne da ba su sani ba. Daga ƙarƙashin wata laima kuma wani makiyayi ya taso da rediyonsa a hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Sannunku da zuwa! 'Yan duba aiki ne ko? To ku duba da kyau. Tun jajiberin hutu muke nan, kun ga ko tsinke ɗaya na ciyawa? Wallahi injin yanka ba zai yi haka ba. Akwai ma wasu 'yan itatuwa a ciki, su suka fara bi. Ban taɓa ganin sun so abu haka ba."

"Wa ya... wa ya shigo da ku?" in ji 'Yar Jami'a.

"Hukuma mana, Malama. Mu ba ma shiga gonar mutane. Ga ma mai aikin nan tafe."

Babur ne ya tsaya a bakin ƙofa. Wani mutum mai kimanin shekara talatin ya sauko, ya cire hular kwano, yana murmushin wanda aikinsa ya yi kyau. Yana haɗa ido da 'Yar Jami'a murmushin ya tsaya a rabi.

"Kai?"

"Ke? Me kike yi a filina?"

"Filinka?"

Mai Dashe ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Kun san juna ne?"

Sun san juna kuwa. Ajinsu ɗaya, shirinsu ɗaya, farfesan da ke duba aikinsu ma ɗaya. Ita an tura ta hukumar birni, shi an tura shi hukumar ruwa. Aikinsa shi ne ya hana fesa maganin ciyawa kusa da ruwan da gari ke sha. Ya sha wuya kafin ya shawo kan ƙungiyar makiyaya da sashen gyare-gyare na hukumar su yarda a kawo awaki su yi aikin da guba ke yi. Shi a hawan ƙasa ya karɓi izininsa, ita a hawan sama ta karɓi nata, na sama da na ƙasa kuwa ba sa haɗuwa sai a wurin ajiye motoci.

"Amma kana zaune na yi bayanin aikina a taronmu na wata-wata!" in ji ta. "Har tafi ka yi mini!"

"Ke ma kin tafa mini! Ke kika fi kowa tafi!"

"Cewa ka yi filin da ciyawa ta cinye!"

"Ke kuma cewa kika yi gonar mangwaro ta al'umma! Na zo nan da kaina, na tsaya a ƙofar nan, na duba. Ina gona? Ciyawa na gani!"

"Hotunan da ka nuna ba na nan ba ne!"

"Na nan ne, daga ɗaya ɓangaren na ɗauka!" Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi. Farfesa fa har cewa ya yi aikinki da nawa sun fi na kowa, ya kamata wata rana mu haɗa kai."

"To ai ga shi kun haɗa," in ji makiyayin, wanda sai yanzu fara'arsa ta fara dusashewa.

 Mai Dashe ya san wanda ya hana a yanke ciyawar. Ya wuce su, ya durƙusa gaban tsinken farko. Kowane dashe mai aure yana da tabo a inda reshe ya haɗu da gindi. Abin da ke sama da tabon shi ne Ta Tsakar Gida. Abin da ke ƙasa da shi mangwaro ne gama-gari, mai tsami da zare. Ya shafa tsinken da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Babu tabo, an cinye har da shi. Ya ja gwiwa zuwa na biyu. Babu. Na uku akwai ɗan guntu a sama da tabon, amma an saɓule masa ɓawo fari tas. Haka ya bi layukan da rarrafe, awaki suna matsa masa hanya, wasu ma ba sa matsawa. 'Yar Jami'a ta bi wani layin tana yin yadda yake yi, hawaye na ɗiga a kan ƙasa. Mai babur ya tsaya riƙe da hularsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Da suka gama, abin da suka samu kaɗan ne. Mafi yawa an cinye su ƙasa da tabo. Wasu 'yan tsiraru haƙorin akuya ya tsaya a kan tabon daidai, inda ɗan tsinin reshe ke soke a cikin tsagar gindi.

Da la'asar ya hau bene a hankali. Yaya tana baranda tana tsince shinkafa a faranti. Kallo ɗaya ta yi wa gwiwoyin wandonsa.

"Auta, wa ya mutu?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye farantin.

"Awaki? Ba gobara ba, ba ambaliya ba, awaki?"

"Awaki, Yaya."

"Ba kai ka ce mini akwai waya ba? Da ƙofar ƙarfe? Da maigadi?"

"Maigadin ne ya buɗe musu. Da izini suka shigo."

"Akuya da izini!" Ta tafa hannu, ta riƙe haɓa. "Na rayu na gani. Katafila ta rushe gida ta bar mana reshe, masu ilimi sun kawo akuya ta ƙarasa."  Can ta ce, a hankali, "Kenan ta tafi?"

"Ban sani ba tukuna."

Ranar ba a ɗora tukunyar ba.

Farfesan ya zo da kansa bayan kwana biyu. Mutum ne mai kunya, ya cire hula ya ba Mai Dashe haƙuri, ya ce laifin daga teburinsa ya fara, tunda shi ya karanta ayyukan biyu bai tambayi inda kowanne yake ba. Sannan ya kawo shawara. Gindin duk suna da rai, za su yi toho. A bar su su tashi, baɗi a ɗaura musu wani iri mai kyau da ake samu a kasuwa. Unguwa za ta samu gonarta, ɗalibarsa kuma za ta samu abin nunawa a ƙarshen zamanta.

Mai Dashe ya dubi 'Yar Jami'a. Ita ta amsa.

"Farfesa, in aka bar gindi ya yi toho, duk ƙarfinsa can zai tafi. Ɗan abin da ya rage na reshe a cikin tabo zai bushe. Sai dai a riƙa murje tohon gindi da zarar ya leƙo, har a tilasta masa ya tura ta tabon."

"In kuma babu abin da ya rage a tabon fa?"

"Sai gindin ya gaji ya mutu."

"Duka?"

"Zai iya zama duka."

"Kin san fili fayau za ki nuna kenan?"

 "Mangwaron kasuwa yana kasuwa, Farfesa. Wannan in ta tafi, ba inda za a samo ta."

Farfesan ya mayar da hularsa ya ce Allah ya taimaka. Waɗanda aka cinye ƙasa da tabo aka bar su su yi tohonsu, tunda ba abin da za a ceto a jikinsu. Sauran, duk wanda ke da ko alamar tabo, aka sa masa hannu.

Makiyayin ya kwashe awakinsa ya koma ɗaya gefen madatsar, inda aka ja sabuwar waya a tsakani. Bai tafi haka ba, sai da ya turo buhunan taki, ya ce abin da suka ci ne yake dawowa da shi. Mai babur kuwa kullum da safe yana nan da jarkoki, yana ban ruwa, ba ya iya kallon Mai Dashe ido cikin ido. Shi da 'Yar Jami'a sai an yi da gaske suke gaisawa.

Aikin murje toho ba ya buƙatar ƙarfi, amma Mai Dashe bai taɓa yin aikin da ya fi ci masa rai ba. Rayuwarsa duka toho yake nema. Yanzu ga shi ɗanye, jajir, mai sheƙi, ya leƙo da ƙyar bayan bala'i, shi kuma ya sa babban yatsa ya kashe shi. Bayan kwanaki ya sake leƙowa, ya sake kashewa. Sai tsinkayen suka fara baƙi daga sama, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya mutu 'Yar Jami'a takan tuge shi ta kai bakin waya. Tulin yana girma. Direbobin gareji suka daina tsokanarsa, shi ya fi komai nuna masa yadda fuskarsa ta koma.

Ana saura 'yan makonni zamanta ya ƙare, ta ƙwala masa kira daga ƙarshen fili. Toho ne, ba a ƙasa da tabo ba, ba a sama ba, daga bakin tabon kansa. A kwanakin da suka biyo baya wasu 'yan kaɗan suka yi haka, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sai dai a wurin nan ɓawon gindi da na reshe sun riga sun narke cikin juna. Ya duba da ido, ta duba da madubin ƙara girma, ba wanda ya iya rantsewa daga wanne tohon ya fito.

"Sai ta yi 'ya'ya za a sani kenan?" mai babur ya tambaya.

"Shekaru kenan," in ji ta. "Ni na tafi, Baba ma baɗi zai ajiye aiki."

"Ganye yana faɗa," in ji Mai Dashe. "In ya ƙosa aka murza shi, kowace bishiya da ƙanshinta."

"To ai shi ke nan, Baba!"

"Ba shi ke nan ba. Hancina ya mutu tun zamanin da muke feshi ba takunkumi. Ko taki ba na ji, me kike gani ya sa na iya ɓoye su a bayansa?" Ya dube su. "Amma akwai wadda tun tana yarinya take share ganyenta."

Suka jira ganyen ya bar ja ya koma kore, ya yi kauri. Sannan aka ɗauko Yaya a tasi. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta sauko tana dogara sanda, ta dubi filin, ta dubi tulin matattun tsinkaye, ta yi salati. Mai babur ya rugo da kujera.

"Wannan ne mai awakin?"

"Ni ne, Mama. A yi haƙuri."

"Haƙuri ya zama dole. Amma ja can baya, ɗan nan, kada ka ɓata mini hanci."

Mai Dashe ya durƙusa gaban na farko. Ganye huɗu ne a jikinsa, ya tsinki ɗaya. Ya miƙa mata. Ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, ta jefar.

"Bare."

Na biyu ma ba ta daɗe ba. "Wannan irin na bayan makaranta ne, mai sa dasashewar haƙori."

'Yar Jami'a ta juya baya, ta kasa kallo. Ya tsinko na uku. Yaya ta goge tafinta da gefen mayafi, ta karɓa, ta murza, ta shaƙa. Ba ta jefar ba. Ta rufe ido ta sake shaƙa, ta daɗe, har makiyayin da ya zo kallo daga bayan waya ya kashe rediyonsa.

"Yaya?"

Ta sake kai tafin hanci.

"Yaya, don Allah."

Ta buɗe ido, sun cika da ruwa. Ta dubi ɗan tsinken nan da bai kai tsawon hannu ba, da ragowar ganyensa uku.

"Ita ce, Auta," ta ce. "Ja'ira. Ita ce."

 Mai Dashe ya zauna daɓas a ƙasa kusa da 'yar bishiyar, ya sa hannu ya kare ta daga iskar da ke tasowa daga ruwa.